Kurakuran da wakilan ɗalibai suka fi yi a kolej da lise, da yadda za a gyara su

A yawancin kolej da lise (ƙaramar sakandare da babbar sakandare) na Yamai, da zarar an koma makaranta a watan Oktoba, kowane aji yana fitar da wakilinsa, wanda ɗalibai suka fi sani da delege. Matsayi ne ƙarami a ido, amma ta kansa ne koken ɗalibai ke isa ofishin surbeyan (mai kula da ladabtar da ɗalibai) da na sansur (mai kula da tsarin karatu), har ya kai ga shugaban makaranta. Abin da yake yawan ɓata wannan aiki shi ne wakilin ya manta cewa ƴan ajinsa ne suka ba shi aron bakinsu.

Kuskuren yana farawa tun daga zaɓe. Sau da yawa ana yin sa a makon farko, ta hanyar ɗaga hannu, alhali ɗaliban da suka fito daga makarantu dabam-dabam ba su gama sanin sunayen juna ba. Wanda ya fi ƙarfin murya ko girman jiki shi yake lashewa, wani lokaci kuma malami ne kawai yake nuna wanda ya zo na ɗaya a bara. Gyaran ba shi da wuya: a jira mako biyu ko uku, kowane ɗan takara ya tashi ya faɗi abin da zai yi, sannan a rubuta suna a ƴar takarda a naɗe, a ƙirga ƙuri'u a kan allo kowa yana gani. Ɗaga hannu a gaban wanda kake jin tsoro ba zaɓe ba ne. Ya kamata kuma a zaɓi mataimaki a rana guda, kuma a daina al'adar nan ta ware wa ƴan mata riƙon kuɗi kaɗai, kamar ba za su iya tsayawa gaban sansur su yi magana ba.

Bayan zaɓe, sai a ga an mayar da delege ɗan sandan aji. Shi ne mai ɗauko alli, shi ne mai riƙe littafin da malamai ke rubuta darasin da suka yi, kuma idan malami ya fita, shi ne mai rubuta sunayen masu surutu. Ayyuka biyun farko ba laifi. Na ukun ne yake kashe wakilci, domin ɗalibin da aka hukunta jiya saboda sunansa ya fito daga hannun delege ba zai zo masa yau da maganar cewa an yi masa kuskure a lissafin maki ba. Ya fi kyau wakili ya roƙi malamin da ke kula da ajin, cikin ladabi, a ɗora wa wani wannan nauyi ko a riƙa yin sa bi da bi.

Babban kuskuren da ya fi cin ɗalibai kuwa shi ne ɗaukar yajin karatu a matsayin matakin farko. Ba a banza ɗaliban Nijar suke ji da gwagwarmaya ba. Ƙungiyar ɗaliban Nijar, wato USN, ta kafu tun 1960, kuma a ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, an kashe ɗalibai uku a gadar Kennedy yayin wata zanga-zanga, lamarin da ya taimaka wajen kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991. Wannan tarihi abin girmamawa ne, amma bai wajabta a kori dukkan azuzuwa saboda malamin lissafi na aji ɗaya ya yi mako bai zo ba. Sa'o'in da aka rasa ba sa dawowa, kuma ƴan ajin BEPC (jarrabawar gama kolej) da ƴan tarminal (ajin ƙarshe na lise) ne suke biyan kuɗin a ƙarshen shekara, lokacin da takardar jarrabawa ta zo da darasin da ba a kai gare shi ba. Wakilin da ya san aikinsa yana fara rubuta matsalar da kwanan wata da adadin sa'o'in da aka rasa, ya kai wa malamin aji, idan ba a ji komai ba ya kai wa sansur, sannan shugaban makaranta, kuma kowane lokaci ya nemi a sa masa ranar da zai dawo jin amsa. Takarda mai cewa "mun rasa sa'o'i kaza na lissafi tun ranar kaza" ta fi wuyar turewa a kan ihu a bakin ƙofa. Idan matsalar ta fi ƙarfin makarantar, kamar ƙarancin malamai ko azuzuwan zana, takardun nan su ne hujjar da iyaye da ƙungiya za su riƙe.

Akwai kuma maganar kuɗi. Ana karɓar dala ashirin-ashirin don sayen tsintsiya ko bokiti, ko don gaida ɗan aji da aka yi wa rasuwa, ba tare da an rubuta ko sisi ba, kuma kafin hutun farko zargi ya shiga. Littafi guda ya isa, mutum biyu su sa hannu a kan duk abin da ya fita, a karanta lissafin a gaban aji kowane wata.

Ɗalibai suna da kujera a kwamitin tafiyar da makaranta, wanda aka fi sani da COGES, tare da iyaye da malamai. Mafi yawan wakilai suna zuwa taron su zauna shiru, saboda kunyar magana gaban iyaye, su sa hannu su tashi. Kunya tarbiyya ce, amma ba ta hana mutum ya ce "Malam, ƴan ajinmu sun aiko ni da magana biyu," ya karanto su daga takarda. Idan an tashi, wajibi ne ya koma ya faɗa wa waɗanda suka aike shi abin da aka amsa da abin da aka ƙi.

Inda duk shugabannin majalisar ɗalibai ƴan tarminal ne, komai yana tafiya da su ranar da suka gama bak, wato jarrabawar gama lise. A sa ƴan ƙananan azuzuwa cikin shugabanci tun da wuri, kuma kafin watan Mayu ya ƙare a miƙa musu littafin taro da na kuɗi a gaban surbeyan.