Yadda na adana lambobin yaƙin kakanmu

Kakanmu ya yi yaƙin Hitila a rundunar Faransa, cikin waɗanda ake kira tirayer na Sanagal, sunan da aka laƙaba wa sojojin Afirka ta Yamma ko daga ina suka fito. Ya dawo ya tarar gulbi ya cinye tsohon garin Maradi a ambaliyar 1945, jama'a sun hau tudu. Abin da ya bar mana lambobin yabo biyu ne da ɗan littafin soja, a ƙasan adakar kakarmu.

Farkon abin da zan ce: kada ku goge. Ni na yi wannan ɓarnar. Na ɗauki ɗaya daga cikin lambobin, Croix de guerre, lambar jarumta ta Faransa, ta tagulla mai takubba biyu a gicciye, na dirje ta da toka da lemun tsami kamar tukunya, na kuma wanke ƙyallenta ja mai ratsin kore da sabulu. Rinin ya zuba, ƙarfen ya karce. Duhun nan da tagulla ke yi shi ne kariyarta. Busasshen tsumma mai laushi ya isa, sai buroshin haƙori na yara don ƙurar hunturu da ke maƙalewa a lunguna.

Ku naɗe kowace lamba daban a farin ƙyallen auduga, kada su riƙa gugar juna. Ban da leda: da damina gumi take yi. Akwatin ƙarfe ya fi, a ɗora shi kan bulo nesa da bango, don gara ba ta san mazan jiya ba. Idan kuma za a rataye a falo, a kauce wa inda rana ke bugawa.

Littafin sojan ya fi lambobin daraja a wurina. A ciki akwai lambar rajistarsa ta soja da shekarar da aka ɗauke shi, kuma da su ake neman takardunsa a ma'ajiyar sojoji da ke birnin Pau a Faransa. Kada ku bari mai fotokofi ya liƙe shi cikin roba da zafi, ba ya ɓantaruwa kuma. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, ku tura wa ƴan uwa ta WhatsApp. Namu yana wurin mutum biyar, daga Yamai har Katsina.

Sai murya. Kaka ya rasu ban tambaye shi komai ba, sai na koma wurin ƙanwarsa. Da na ce, "Hajiya, ki ba ni labarin yaƙi," cewa ta yi me mace ta sani. Washegari na ajiye waya kan tabarma na canza tambaya: "Ranar da ya dawo, me kuka dafa?" Ta yi kusan sa'a guda tana magana. A nan na ji cewa har tsakar bazara da bargon soja yake kwana, kuma bai yarda a buga bindigar sallah kusa da gidanmu ba. Na rubuta wannan a takarda, da kwanan wata da sunanta, na sa a akwatin tare da lambobin.