Yadda na gyara magnoliyata da ganyenta ya koma rawaya

Shekara biyu da dasa magnoliya, wata bishiya mai furanni, a gidana, sai sababbin ganyenta suka fara yin rawaya, jijiyoyin ganyen kuwa kore shar. Na ɗauka ƙishi ne, na yi ta ba ta ruwa, abin sai gaba yake yi.

Da na auna ƙasar, ma'aunin pH, wato na tsamin ƙasa, ya nuna 7.8, ma'ana ba ta da tsami, alhali magnoliya ta fi son ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5.5 zuwa 6.5. Ashe rashin tsamin ƙasar ne ya hana saiwarta tsotsar sinadarin ƙarfe, shi ya sa ganyen ya yi rawaya.

Na barbaɗa wa ƙasar garin farar wuta don ya ƙara mata tsami, na rufe da ɓawon itace, ban bari ya taɓa gindin ba. Haƙa kuwa ban yi ba, domin saiwarta a sama-sama take, kuma ba ta jure rauni. Sai da aka yi watanni kafin sabon toho ya fito kore.