Kurakuran masu hawan keke a titunan Kano, da yadda za a gyara su

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a 2013, adaidaita sahu ta cika titi, kuma ita ce ta fi ba mai keke wahala. Direbanta idonsa na bakin hanya yana neman fasinja, da an ɗaga masa hannu sai ya yanko gefe ya taka birki, babu sigina. Kuskuren da na fi gani shi ne mai keke ya liƙe mata a baya, ko ya kutsa tsakaninta da kwalbati. Ka bar tazarar adaidaita biyu, yatsunka na kan birki. In ta tsaya, kada ka bi ta damarta, nan fasinja ke sauka. Ni kaina na taɓa yi a Titin Zoo: wata baba ta sauko da kwandon tumatir, ni da tumatirin muka zube a kwalta. Har yau da tabon a gwiwata.

Sai bin wan-we. Wasu na cewa gara su riƙa ganin motar da ke zuwa. Tun 1972 hannun dama ake bi a Najeriya, don haka mai fitowa daga lungu hagunsa yake dubawa, kai kuwa ta dama ka ɓullo masa. Bi hannun da motoci ke bi, ko da zagaye ne.

Rakuɓewa a can gefe ma ba tsira ba ce. Nan yashi da fasassun kwalabe suke taruwa, nan ake buɗe ƙofar mota ba a waiwaya ba. Ɗan shigo ciki kaɗan, kuma kafin ka karya kwana, waiwaya ka miƙa hannu.

Tirela kuwa, kada ka jera da ita a shataletale, direban ba ya ganin ka.

Da magariba, musamman lokacin hazo, mai keke marar fitila inuwa ce kawai. Farar fitila a gaba, ja a baya, da riga mai haske. A cire abin jin waƙa daga kunne, a sa hular kwano, a naɗe ƙafar wando kada kaca ta cafke ta. Birkin gaba kuma kada a damƙe shi shi kaɗai a guje, sai ya wuntsila mutum ta kan keke. A matsa biyun tare.