Yadda Ake Sake Tsara Foldojin Imel Ba Tare da Asarar Saƙonni Ba

Wanda ya shekara goma yana amfani da adireshin imel guda, wata rana sai ya ga akwatin ya cakuɗe masa, ya ɗaura niyyar gyara. Zai haɗe wannan folda da waccan, ya sauya wa wata suna, ya kwashe tsofaffin saƙonni zuwa ma'ajiya, sannan ya share foldojin da suka zama fanko. A kan allo aikin bai wuce a ja da linzamin kwamfuta a saki ba. To amma idan manhajar da ake aiki da ita, Thunderbird ce ko Outlook ko Apple Mail, tana haɗe da sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye imel ɗin a intanet, ta hanyar IMAP, tsarin da manhaja ke bi wajen karanta saƙonni daga sabar, kowane ja da saki umarni ne ake aika wa sabar, kuma abin da sabar ta aiwatar shi zai bayyana a waya da kwamfutar ofis da duk wata na'urar da ke buɗe wannan akwati.

Mark Crispin ne ya ƙirƙiro IMAP a shekarar 1986 a Jami'ar Stanford da ke Amurka, kuma tushen tsarin shi ne ainihin saƙon ya zauna a sabar, na'urori kuma su riƙa leƙo shi daga duk inda suke. Wannan ya bambanta da POP3, wanda yake sauko da saƙo ya ajiye a kwamfuta. Saboda haka saƙonnin da mutum ke gani a manhajarsa, ko da suna buɗuwa lokacin da babu intanet, madubi ne kawai na abin da ke sabar. Idan saƙo ya ɓace a sabar, da zarar manhajar ta sake haɗuwa da intanet za ta goge nata kwafin domin ta yi daidai da sabar. Mutane da yawa sukan kwantar da hankalinsu da cewa ai suna da komai a kwamfuta, alhali abin da suke da shi yana bin sabar ne duk inda ta nufa.

Kafin a taɓa komai

Aikin farko shi ne a san inda kowace folda take zaune, domin ba dukkan foldojin da ke jere a gefen hagu na manhaja ne suke sabar ba. A Thunderbird akwai sashen da aka rubuta wa "Local Folders", a Apple Mail kuma akwai "On My Mac", kuma duk abin da ke ƙarƙashinsu a wannan kwamfutar kaɗai yake. Na Outlook ya fi haɗari. Tun daga fitowar 2013, Outlook yana ajiye asusun IMAP a cikin fayil mai ƙarewa da .ost, kuma a cikin wannan fayil ɗin akwai foldojin da ake liƙa wa "This computer only", galibi na kalanda da lambobin mutane, wani lokaci har da na saƙonni. Wanda ya cire asusun da nufin ya sake saka shi don komai ya daidaita, saƙonnin da ke sabar za su dawo, amma waɗannan foldojin sun tafi tare da fayil ɗin.

Bayan an san wannan, sai a tabbatar cewa manhajar ta sauko da saƙonnin gaba ɗayansu, da jikinsu da fayilolin da aka maƙala musu, domin sau da yawa abin da ke kwamfuta bai wuce take da sunan wanda ya aiko ba. A Thunderbird ana duba wannan a saitin asusu, ƙarƙashin "Synchronization & Storage". A Outlook akwai ma'aunin da ke ƙayyade watanni nawa na saƙonni za a ajiye a kwamfuta, sai a ja shi zuwa ƙarshe a jira saukewar ta kammala. Masu Gmail kuma su leƙa saitin IMAP a shafin intanet, inda akwai zaɓin taƙaita adadin saƙonnin da kowace folda za ta nuna wa manhaja, daga 1,000 zuwa 10,000. Idan an taɓa kunna shi, manhajar ba ta ma san da sauran saƙonnin ba.

Daga nan ne za a ɗauki kwafin ko-ta-kwana, wanda ba ya haɗe da sabar ko kaɗan. Mai Outlook ya fitar da akwatin zuwa fayil na .pst. Mai Gmail yana iya neman dukkan saƙonninsa ta Google Takeout, wanda ke bayar da su a tsarin mbox, wato fayil guda da ke tattare saƙonni masu yawa. Mai Thunderbird kuma ya rufe manhajar ruf, ya kwafi foldar bayanansa, wadda a Windows take cikin %APPDATA%\Thunderbird\Profiles, zuwa wani faifai na waje. Akwai wani tarko a nan da ba kowa ke lura da shi ba: idan aka mayar da wannan folda aka buɗe Thunderbird ana haɗe da intanet, manhajar za ta tambayi sabar, ta ga saƙonnin babu su, ta goge su daga kwafin da aka wahala aka ajiye. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ɗauko fayilolin saƙonnin daga cikin foldar ImapMail a zuba su a ta "Local Folders" kafin a buɗe manhajar. Kuma a gwada kwafin tun yanzu, a buɗe tsofaffin saƙonni uku ko huɗu masu maƙalallun fayiloli a ga suna buɗuwa, kada a bari sai ranar buƙata.

Kwafa, ƙirga, sannan a share

A asalin IMAP babu umarnin matsar da saƙo daga folda zuwa folda. Manhaja takan yi aikin ne a matakai uku: ta kwafi saƙon zuwa sabon wuri, ta sa wa tsohon alamar sharewa, sannan ta ba sabar umarnin kawar da duk mai wannan alama. Sai a 2013 aka ƙara wa tsarin umarnin MOVE, wanda ke yin aikin a dunƙule, kuma shi ma yana aiki ne kawai idan foldojin biyu suna cikin asusu ɗaya. Idan daga wani asusu ne zuwa wani, ko daga sabar zuwa foldar kwamfuta, dole kowane saƙo ya sauko kwamfuta, a loda shi ko a rubuta shi a sabon wurin, sannan a share na asali. A wannan tsakanin ne ɗaukewar wuta, ko ƙarewar data, ko katsewar sabis ke yin ɓarna. Yawancin lokuta abin da ke biyo baya maimaici ne, wato saƙo ɗaya ya bayyana a wuri biyu, wanda ba wani abin tashin hankali ba ne. Amma idan manhajar ta ɗauka cewa kwafin ya isa alhali bai isa cikakke ba, za ta share na asali.

Don haka shawarata ita ce a bar umarnin matsarwa gaba ɗaya a irin wannan babban aiki. A zaɓi saƙonnin, a danna maɓallin dama na linzami, a zaɓi kwafa zuwa sabuwar foldar. Idan an gama, a ƙirga: adadin saƙonnin sabuwar folda ya yi daidai da na tsohuwa? Kada a tsaya ga lissafin manhaja kawai, a shiga akwatin ta burauza a duba, domin shafin intanet yana nuna abin da ke sabar kai tsaye. Sai adadin ya yi daidai, an kuma buɗe 'yan saƙonni an gan su cikakku, sannan a share tsofaffin. Ni ina ganin saƙonni ɗari biyu zuwa ɗari biyar a kowane zango sun isa. Jan saƙonni dubu ashirin lokaci guda ya fi sauri idan komai ya tafi daidai, amma idan aikin ya tsaya a tsakiya, gano inda ya tsaya wahala ce babba.

Kwafa tana cin wuri, don haka a duba sauran filin da ya rage a akwatin kafin a fara. Asusun Google na kyauta gigabayit 15 ne, kuma Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke rabawa. Akwai kuma iyakar zirga-zirga: a Google Workspace, wato asusun Google na kamfanoni da ma'aikatu, megabayit 2,500 ake iya saukewa ta IMAP a rana, 500 kuma ake iya lodawa, kuma wanda ya zarce ana iya tsayar da shi na wasu sa'o'i. Mai kwashe babban akwati zuwa Gmail ya raba aikin a kwanaki.

Gmail ba shi da foldoji

Abin da manhaja ke nunawa a matsayin folda a asusun Gmail, laƙabi ne aka liƙa wa saƙo. Kowane saƙo kwafi ɗaya tak gare shi, yana zaune a "All Mail", kuma yana iya ɗaukar laƙabi biyu ko biyar. Manhajar IMAP ba ta san laƙabi ba, sai ta nuna saƙon a foldoji biyu ko biyar kamar kwafi ne daban-daban. Mai gyaran akwati sai ya ga saƙon kwangila a foldar aiki, ya sake ganinsa a "All Mail", ya ce wannan maimaici ne da ke cinye masa wuri, ya jefa na biyun a kwandon shara. Da yin haka saƙon ya ɓace daga foldar aikin ma, domin daman guda ɗaya ne. Gmail yana riƙe abin da ke kwandon shara kwana 30, bayan haka ya goge shi. Tunda an saba ba a waiwayar tsofaffin saƙonni sai buƙata ta taso, sau da yawa wa'adin yakan wuce kafin a farga.

Wannan tsari yana shafar ƙirgen da aka ambata a sama. Idan aka loda saƙo iri ɗaya sau biyu zuwa Gmail, guda ɗaya zai riƙe, don haka adadin da ke sabon wuri yana iya gazawa da kaɗan ba tare da an yi asara ba. Ga mai Gmail, ya fi kyau ya yi duk gyaran laƙabi a shafin intanet, inda goge laƙabi ba ya goge saƙonnin da ke ɗauke da shi, sannan ya bar manhajar ta biyo baya.

Sauya sunan folda shi ma gara a yi shi ta burauza, bayan an rufe manhajar a sauran na'urori. A guji ɗigo da karkatacciyar sanda (/) a cikin suna, domin wasu sabobin da ɗigo suke raba uwar folda da 'ya'yanta, wasu kuma, irin su Gmail, da sandar, don haka a sabar da ke amfani da ɗigo, folda mai suna "Haraji.2022" tana iya rikiɗewa ta zama "2022" a ƙarƙashin "Haraji". Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, IMAP yana juya su zuwa wasu alamomi kafin ya ajiye su a sunan folda, kuma duk da cewa manyan manhajoji suna karanta su daidai, ni dai nakan rubuta sunan folda da haruffa marasa lanƙwasa don kada wata tsohuwar manhaja ta nuna shi a hargitse. Foldojin da tsarin ya tanada, na saƙonnin da aka aika da na daftari da kwandon shara, a bar su da sunayensu da wurarensu. Bayan sauya suna kuma a duba ƙa'idojin tace saƙonni, domin ƙa'idar da ke tura saƙo zuwa tsohon suna tana iya daina aiki.

Kafin share folda, a buɗe ta a tabbatar babu 'ya'ya a ƙarƙashinta, domin suna tafiya tare da uwarsu. A Thunderbird a kashe zaɓin zubar da kwandon shara yayin rufe manhaja har sai an kammala aikin da mako ɗaya ko biyu. A kuma duba ko foldar da za a zuba tsofaffin saƙonni tana da ƙa'idar share duk saƙon da ya wuce wasu kwanaki, domin wannan ƙa'ida tana share na kwamfuta da na sabar baki ɗaya, kuma saƙon 2016 da aka zuba a foldar da ke riƙe na kwana 90 kawai ba zai daɗe a cikinta ba.

Idan an waiwaya ba a ga saƙonni ba

A dakatar da komai nan take. Idan akwai wata kwamfuta ko waya da ba ta haɗu da intanet ba tun kafin aikin, a katse mata intanet kafin a buɗe manhajar imel a kanta, domin tana iya kasancewa ɗauke da tsohon kwafin akwatin. Sannan a shiga ta burauza a duba kwandon shara, a yi bincike da sunan wanda ya aiko. Wani lokaci foldar tana nan lafiya, manhajar ce ta daina nuna ta bayan sauya suna, kuma sake zaɓar ta a jerin foldojin da ake bibiya yana dawo da ita.

A Thunderbird kada a yi gaggawar danna "Compact" (matse folda) ko "Repair Folder" (gyaran folda). A tsarin mbox, saƙon da aka share yana nan kwance a cikin fayil har sai an matse foldar, don haka matsewa ita ke kawar da shi. Gyaran folda kuma, a asusun IMAP, yana watsar da kwafin kwamfuta ya sake saukowa daga sabar. A rufe manhajar, a kwafi fayil ɗin zuwa wani wuri tukuna. Wanda akwatinsa na ma'aikata ne a kan Exchange Online, wato sabar imel ta Microsoft, ya sanar da mai kula da tsarin a ranar, domin saƙonnin da aka kawar daga kwandon shara suna zama a wata ɓoyayyiyar ma'ajiya kwana 14 ne bisa saitin asali, kuma mai kula da tsarin ba zai iya tsawaita wa'adin fiye da kwana 30 ba.