Kurakuran da Sababbin Masu Kiwon Shanu Ke Tafkawa a Kan Ƙasa da Ruwa

Na gaji da ganin ana tafka kuskure iri ɗaya. Mutum zai shigo kiwon shanu da zafinsa, na nama ne ko na madara, ya dame ka da tambaya kan iri, kan abinci, kan allura. Amma ba za ka taɓa jin ya tambayi kai nawa filinsa zai iya ɗauka ba, ko ina kashin shanun zai nufa idan sama ta zubo. Shekara biyu ko uku sai ka ji yana ɗora wa fari laifi. Ni ganau ne ba jiyau ba, domin biyu daga cikin kurakuran nan da hannuna na yi su, kuma na ji a jikina.

Na farko shi ne yawan kai. Wata shekara aka yi damina mai albarka, ciyawa ta kai min ƙugu, sai na ga kamar haka za ta dawwama. Na ƙaro shanu, na kusan ninka garken. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne ganyen ciyawa ne ke ciyar da saiwarta. Idan saniya ta cinye shi har ƙasa, sabon toho ya fito ta sake dawowa ta ƙwamushe, saiwar sai ta riƙa gajarcewa har ta mutu. Kuma saniya tana da zaɓe: mai daɗin take fara bi, ta bar ƙaya da ciyawa mai ɗaci su mallake filin. Ga kofato yana daddale ƙasa har ta koma kamar daɓe. Da aka yi ruwan farko na shekara ta biyu, ina tsaye ina kallon jan ruwa yana gudu a kan filina, ko ɗigo ƙasar ba ta sha ba, yana kwashe ƙasar saman da ta fi kowace albarka. Hanyar da shanun ke bi zuwa mashaya ta zama ɗan rami, ramin ya zama kwazazzabo. Yau idan na shiga cikinsa ba a ganin kaina.

Shanun kuwa suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Madara ta ja baya, karsana ta ƙi ɗaukar ciki, na koma sayen abincin da a da ƙasa ke ba ni kyauta. Ƙarshe na sayar da fiye da waɗanda na ƙaro, a lokacin da ba su da wata daraja.

Abin da nake yi yanzu: ina lissafin garkena da shekarar da ta fi muni. Na yanka filin gida-gida da shinge. Da zarar sun ci kamar rabin tsawon ciyawar sai in fitar da su, kuma ba sa komawa sai ta murmure. Akwai masu juya garke da kalanda, kwana kaza a nan, kwana kaza a can. Ban ce sun yi laifi ba, amma ni tsugunawa nake yi in ɗora hannu: in ciyawar ta gaza taƙi ɗaya, sun daɗe a wurin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Wannan kuskuren bai tsaya a gonarka ba. A tumbin saniya akwai ƙananan halittu da ke narka ciyawa, suna fitar da iskar metan, saniyar kuma tana fitar da mafi yawanta ta gyatsa. Metan ta fi iskar kabon, wadda ke fita idan an ƙona mai ko itace, riƙe zafi kusan sau 28 idan aka auna a shekara 100, ko da yake kimanin shekara 12 take yi a sararin sama ta baje. A rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013, kiwon dabbobi ne ke da kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa mai ɗumama duniya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na wannan daga shanu ne. Abin da ya kamata ya taɓa makiyayi shi ne, tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na ƙarfin abincin da saniya ta ci, a gyatsar nan yake salwanta. Ramammiyar saniya mai cin busasshen kara tana gyatsa kullum, ba madara, ba maraƙi. Bijimin da ya kamata ya kai yanka a shekara uku, idan yunwa ta ja shi zuwa biyar, ya ƙara wa sama gyatsar shekara biyu a kan nama iri ɗaya. Kai kaɗan masu ƙoshi sun fi min garke mai cika ido.

Na biyu, wanda har yau idan na tuna raina ke ɓaci, shi ne tarin kashi. Na tara shi a inda ya fi min sauƙin kaiwa da baro, a kan tudu, rijiya da tafki suna gangare. Duk ruwan da aka yi sai wani baƙin ruwa mai wari ya tsatso daga ƙarƙashin tarin ya sauka. Ina gani, ban ɗauke shi komai ba. Tafkin ya fara rufewa da gansakuka, kore shar. Wata safiya na tarar da kifaye sun taso ciki sama, fari fat a bakin ruwa. Sinadaran takin ne suka ciyar da gansakukar, da ta mutu ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Sai maruƙa suka kama zawo ɗaya bayan ɗaya, na rasa biyu. Da na kai ruwan rijiyar gwaji aka ce ba ya shayuwa: ga ƙwayoyin cuta, ga sinadarin naitiret ya haura miligiram 50 a kowace lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Naitiret ba ya da launi, ba ya da wari, tafasawa ba ta cire shi, ƙara masa kauri ma take yi. Jarirai ya fi yi wa illa, domin yana hana jininsu ɗaukar iska. A gidan da ke ƙasa da gonata akwai mai goyo, kuma daga rijiyar nan suke ɗiba. Ranar da na je na gaya musu, ban iya ɗaga ido na dube su ba.

To ku sababbin shiga, ku ji da kyau. Kada in ƙara ganin wani ya jibge kashi sama da rijiya yana cewa ai taki ne, ba guba ba ne. Ruwa ba ya tambayar sunan abin da ya ɗauko. Ni tarina yanzu yana gangare da duk wani ruwan sha, taku hamsin aƙalla, a kan daɓen siminti, da rumfa a kai da ɗan rami a gefe mai tare abin da ya tsatso. Ina juya shi ya sha iska, domin kashin da ya jiƙe ya kwanta ba iska shi ma metan yake fitarwa. Ba na watsa shi a gona idan hadari ya haɗo, sai lokacin da shuka ke tasowa tana buƙata. Mai hali ya gina ramin da ke tara iskar ya yi girki da ita.

Haka masu sakin garke cikin rafi su sha, su yi kashi, su rushe gaɓa. Wa kuke so ya sha ragowar? Ku ja ruwan zuwa kwami, ku kange bakin rafin.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka sare itatuwa don faɗaɗa wurin kiwo, inuwarsu da saiwarsu na yi maka aikin da ba ka biya. A dajin Amazon na Burazil, mafi yawan wurin da aka sare filin kiwon shanu ya koma. Kada ka banka wa fili wuta kowace shekara don neman sabon toho. Ruwan maganin kaska ba a zubar da shi a magudana, kifi yake kashewa. Maganin tsutsa irin aibamektin yana fita ta kashi ya kashe buzuzu, wanda shi ke binne maka kashin cikin ƙasa, don haka ni sai na ga alama nake bayarwa. Maganin ƙwayoyin cuta na mara lafiya ne. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi don ƙiba tun 2006. Kwamin da ke yoyo a gyara shi yau, domin saniyar tatsa mai yawan madara kan sha lita 100 a rana ta zafi. Leda da igiyar roba a tsince su kafin su shiga tumbi.

Sai mushe. A Indiya, maganin ciwo da ake kira dikilofenak, wanda ake yi wa shanu, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu tun daga shekarun 1990, saboda idan sun ci mushen shanun, sai ƙodarsu ta lalace. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi shi a can. Tun da na san haka, duk dabbar da ta mutu min tana kan magani ba na yar da ita a fili. Rami mai zurfi nake haƙa mata nesa da ruwa, in rufe, in ɗora duwatsu don kada karnuka su tone.