Yadda ma'aikatan jinya a sashen gaggawa za su kare kansu lokacin ɓarkewar zazzaɓin Lassa

Tun ranar da aka san wannan cuta, ma'aikatan jinya take fara ci. A 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta kama ma'aikaciyar jinya Laura Wine, aka kai ta Jos ta rasu, Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta bi ta. A Janairun 2020 Kano ta rasa likitoci biyu. Abin da ke cin mu shi ne mara lafiya ba ya zuwa da tambari a goshi. Kamar mai maleriya yake shigowa. Don haka kariya daga bakin ƙofa take farawa, ba sai sakamakon gwaji ya dawo ba.

Da farko, a tsayar da nas guda a ƙofa tana tantancewa, da tazarar aƙalla mita 1 tsakaninta da mai shigowa. Ta auna zafin jiki, ta tambayi kwana nawa ake zazzaɓin, daga wane gari, an sha maganin maleriya ko ba a sha ba. Zafin da ya kai 38, ya kwana 3 ko fiye, ya ƙi jin magani, ga ciwon maƙogwaro ko amai ko gudawa, ya isa a yi zargi. Kada ku jira ganin jini, don ba kowa yake zubar da shi ba, kuma a ƙurarren lokaci yake zuwa.

Na biyu, a ware shi nan take, da bokitinsa da fo ɗinsa da ma'aunin zafinsa. Dangi za su taru, haka muke, ba a barin mutum shi kaɗai a asibiti. A zaɓi mutum guda, a yi masa bayani cikin mutunci, sauran su tsaya waje. Sai a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, a 6232.

Na uku, hannu. Sabulu da ruwa daƙiƙa 40 zuwa 60, man goge hannu daƙiƙa 20 zuwa 30, kafin taɓa mara lafiya da bayan taɓa shi. Safar hannu guda ba ta zagaya gado biyu.

Na huɗu, kayan kariya, kuma nan nake so mu daɗe. Sakawa ba ta da wuya: riga, takunkumi, tabarau ko garkuwar fuska, hula, safar hannu biyu, atamfar roba (wato apron, mai rufe gaban riga), takalmin roba. Cirewa ce haɗarin, domin a lokacin an gaji, gumi ya jiƙa jiki, hannu na neman kai wa fuska. Kada kowa ya cire shi kaɗai. Abokiyar aiki ta tsaya tana kallo tana faɗa. A fara da atamfar roba, sai safar waje, sai hula, sai rigar, a naɗe ta ciki ya koma waje. Tabarau da takunkumi ta baya ake kama su, gabansu ba a taɓa shi. Safar ciki ce ta ƙarshe, kuma tsakanin kowane mataki a tsabtace hannu. Wallahi gara a ɓata minti goma a nan da a kwana 21 ana fargaba, wato kwanakin da cutar za ta iya ɗauka kafin ta bayyana.

Na biyar, allura. Ba a mayar mata da murfi, daga hannu sai akwatin allura. Idan ta soke ki, ki wanke wurin da sabulu a ruwa mai gudana, kada ki matsa, ki faɗa wa shugabar sashe a lokacin. Ɓoyewa don kunya ko tsoron faɗa ita ke jinkirta ribabirin, maganin da ya fi amfani idan an fara da wuri.

Sai kulorin. Jini da amai da ƙasa da gado, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari: idan bilicinku na kashi 3.5 ne, kofi 1 a ruwa kofi 6. A haɗa sabo kullum, a rubuta kwanan wata a jikin bokitin.

Kafin a miƙa aiki, a rubuta sunan duk wanda ya taɓa mara lafiyan, har masu shara da masu tura gado, waɗanda aka fi mantawa da su. Kowannensu ya auna zafin jikinsa safe da yamma har kwana 21.