Darasi na 7: Wanke-wanke da toka da lemun tsami

Tukunyar miya ta yi maiƙo, ga kuɗin omo babu. 'Yar uwa, leƙa murhunki.

Ɗebi tokar itace ko ta karan dawa, wadda ta huce sarai. Tankaɗe ta a rariya, gawayi da ƙusa su fita. Zuba gwangwani 1 na toka a gwangwani 4 na ruwa cikin roba, ki motsa, ki bar shi ya kwana. Da safe tokar ta kwanta a ƙasa, sai ki tsiyaye ruwan sama a hankali. Taɓa shi da yatsa, za ki ji santsi kamar sabulu. Wannan santsin ne ke narkar da maiƙo, kuma da irin ruwan nan iyayenmu ke dafa sabulun salo. Jiƙa soso a ciki, ki goge kwano, ki ɗauraye da ruwa mai kyau. Tukunyar alminiyam kuwa kada ta kwana a cikinsa, dushewa take yi. Tokar juji, inda aka ƙona leda da roba da batir, ba ta wanki ba ce.

Ruwan toka yana da kaifi. Yana busar da hannu, yana cin ido. Kada ki zuba shi a gorar lemo, yaro ba ya tambaya kafin ya kurɓa.

Lemun tsami aikinsa daban ne. Shi ke cire farin dattin da ruwan rijiya ke bari a gindin butar shayi, ya kuma kashe ƙarnin kifi a wuƙa. Amma kada ki haɗa shi da toka ko kanwa, kashe ƙarfin juna suke yi. Haɗa shi da Hypo, wato bilicin wanki, ya fi muni, domin iska mai guba ce ke tashi, ta shaƙe ƙirji.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, maganar yashi. Mun saba ɗibar yashin tsakar gida mu dirje gindin tukunya. A Zamfara sai an duba inda aka ɗebo shi. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Daga ƙurar dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje ta fito. Dalma ba ta wari, ido ba ya ganinta, tafasa ruwa ba ya kashe ta. In an taɓa dakan dutse a gidanku ko a maƙwabta, yashin nan kada ya taɓa kwanon tuwon yaranki. Tokar da ta rage a ƙasan roba ta ishe ki dirza.

In amai da gudawa ya shigo gari, toka ba ta isa ba. Bi abin da ma'aikatan lafiya suka ce.

Aikin gida: rubuta toka, soso, yashi da dalma a littafinki. Gobe ki zo aji da ruwan tokar da kika tsiyaye, a rufe.